Mutum-mutumi Mai Tafiya da Magana: Ina Matsayin Mai Bi?

A watan Afrilu na 2025 an yi gasar gudun kilomita 21 a birnin Beijing na ƙasar Sin, inda mutum-mutumi suka shiga tare da mutane. Wanda ya zo na ɗaya a cikinsu, Tiangong Ultra, ya ɗauki awa 2 da minti 40, an kuma yi ta sauya masa batir a hanya. Waɗansu sun faɗi tun a farkon gudun. Mutumin da ya ci gasar kuwa ya gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Na'urorin suna ci gaba da sauri, amma da sauransu.

Abin ya iso gida. A 2022 kamfanin Uniccon ya ƙaddamar da Omeife a Abuja, mutum-mutumi mai siffar mace da aka ce tana jin Hausa da Yarbanci da Ibo. Ya shiga wuraren sujada ma. A 2017, lokacin cikar shekara 500 da gyaran ikkilisiya na Martin Luther, wata ikkilisiya a Jamus ta nuna BlessU-2 a Wittenberg, na'urar da ke ɗaga hannu tana furta albarka, don a tayar da muhawara.

Jama'a sun rabu biyu. Waɗansu sun tsorata, suna cewa ga siffar dabbar nan mai magana ta Ru'ya ta Yohanna sura 13. Mu yi hattara da wannan gaggawa. Nauyin wannan sura yana kan sujada, wato wa mutum zai durƙusa wa. Ƙarfe da waya da batir ba su da ruhu, mai kyau ko mugu. Mutane ne suka ƙera su, mutane ne kuma za su ba da lissafin abin da aka yi da su.

Waɗansu kuma mamaki ya ɗauke su har suka wuce gona da iri. A watan Oktoba na 2017 Saudiyya ta ba Sophia, ƙirar kamfanin Hanson Robotics, matsayin 'yar ƙasa. Nan take masu suka suka tuna da ma'aikata baƙi da suka tsufa a ƙasar ba su sami wannan gata ba. A nan ne haɗarin yake: a ɗaukaka na'ura, a ƙasƙantar da mutum.

Farawa sura 1 da 2 sun koya mana cewa darajar mutum daga Allah take, wanda ya yi shi cikin kamanninsa, ya hura masa numfashin rai. Ba ƙarfinsa ko saurin aikinsa ne ya ba shi ita ba. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga tabarma tana ɗauke da kamannin da Sophia ba za ta taɓa samu ba.

Saboda haka aikin ikkilisiya a fili yake. Mu ƙarfafa matasanmu su koyi wannan ilimi ba tare da tsoro ba. Kamfanoni irin su Tesla suna shirin sa waɗannan na'urori aiki a masana'antu, don haka mu tsaya wa ma'aikacin da zai rasa abincinsa. Ziyarar marar lafiya da ta'aziyya da addu'a kuwa, kada mu miƙa su ga na'ura, gama abin da bai san mutuwa ba ba zai iya yi wa mai makoki maganar tashin matattu ba. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.