NAZARI: Dawowar Ahmed Musa Kano Pillars, daga shewar 'yan kallo zuwa kujera mai ƙaya

A watan Oktoban 2024 Ahmed Musa ya sake saka rigar Kano Pillars a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya zura ƙwallo biyu a ragar Sunshine Stars, aka tashi 2-0. Shekara guda bayan haka, shi ne ya fito yana ba da haƙuri a madadin ƙungiyar, bayan wasu magoya bayanta sun kutsa cikin wannan filin sun far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Shooting Stars ta Ibadan.

Ƙaunar da Kanawa ke yi masa tana da tushe. A Jos aka haife shi a 1992, amma a Kano sunansa ya fito. A kakar 2009/2010, tun bai cika shekara 18 ba, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, adadin da ya kafa tarihi a gasar Najeriya a wancan lokaci. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sannan Al-Nassr ta Saudiyya. Ƙwallo huɗu ya ci a Gasar Cin Kofin Duniya: biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. 'Yan wasan Najeriya da suka kai wannan matsayi ba kasafai suke waiwayar gasar gida ba, in ban da ɗaiɗaiku irin su marigayi Rashidi Yekini. Saboda haka duk lokacin da Musa ya dawo, mai goyon bayan Pillars na jin an girmama shi ne, an kuma nuna wa duniya cewa ƙungiyar da yake bi ba abin raini ba ce.

Sai dai dawowar farko, ta watan Afrilun 2021, ta raba kan jama'a. Ya rabu da Al-Nassr tun Oktoban 2020, ya shafe watanni ba shi da ƙungiya alhali yana kyaftin ɗin Super Eagles, ana kuma ta sukar koci Gernot Rohr kan ci gaba da gayyatarsa. Masu shakka sun ce zango ya yada kafin kasuwar Turai ta buɗe, kuma abin da ya biyo baya bai ƙaryata su ba: a watan Yuli ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya. Ga shi a lokacin Pillars na buga wasanninta na gida a Kaduna, don haka yawancin masu murnar a waya suka yi ta. Kakar da ta biyo baya, a 2022, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.

Ta biyu ta fi armashi. Wannan karon a Kano ake wasa, ya kuma zo tare da Shehu Abdullahi, wani tsohon ɗan ƙungiyar da ya yi wa Super Eagles wasa. Matasan da suka saba kashe ranakun Asabar da Lahadi a gidajen kallo suna musu kan Arsenal da Chelsea sun sami dalilin zuwa Ƙofar Mata su ɗaga murya da “Sai Masu Gida”. A nan ya kamata a sanya sunan Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele. Ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo, bai kuma gudu ba da ƙungiyar ta faɗi. Tsofaffin magoya baya sun san bambancin wanda ya tafi ya dawo da wanda bai taɓa tafiya ba, ko da kyamarori sun fi bin na farkon.

Irin wannan zumuɗi ba a Kano aka fara shi ba. Cristiano Ronaldo ma ƙwallo biyu ya ci a wasansa na farko da ya koma Manchester United a Satumban 2021, a ragar Newcastle, aka yi ta cewa zamanin Ferguson ya dawo. Zuwa Nuwamban 2022 an raba gari ba daɗi. Magoya baya kan ɗauka cewa ɗan wasa zai dawo musu da zamanin da suka san shi a ciki, alhali ƙafafunsa kaɗai ya zo da su, su ma sun ƙara shekaru. Zamanin da Kanawa ke bege shi ne na kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, da kuma 2009, lokacin da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka.

Inda labarin Kano ya sha bamban shi ne batun mallaka. Pillars ta gwamnatin jiha ce. Gwamna ke naɗa shugabanninta, baitulmali ke ɗaukar nauyinta, mai tafi a fili kuma shi ne mai ƙuri'a ranar zaɓe. Musa ya dawo a zamanin Abdullahi Ganduje, ya sake dawowa a zamanin Abba Kabir Yusuf, kowace gwamnati ta rungume shi, domin yana cikin mutane ƙalilan da farin jininsu ya tsallake rabuwar kan siyasar Kano. A watan Yulin 2025 Gwamna Abba ya naɗa shi Babban Manajan ƙungiyar, ya kuma ci gaba da buga wasa.

An yi wa naɗin tafi, amma tambayar da ke cikinsa ba ta da daɗin amsawa. Koci ne ke zaɓen wanda zai shiga fili, Babban Manaja kuma yana saman koci. Wane koci ne zai iya ajiye maigidansa a benci ranar da ƙafarsa ta yi nauyi? Idan aka yi rashin nasara, wa za a tuhuma: ɗan wasan gaban da ya ɓarar da dama, ko shugaban da ya sayo 'yan wasa, alhali mutum ɗaya ne? Gwamnati ta sami garkuwa, domin da wuya Bakano ya buɗe baki ya soki Ahmed Musa, mutumin da ya gina cibiyar wasanni a garin kuma aka san shi da kyauta. To amma fushin da ba a iya saukewa a kan shugabanci yakan nemi wata mafita, kuma mai usur ne ya fi kusa da hannu.

Hakan ta faru a Oktoban 2025, lokacin da Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙurarren lokaci aka tashi 1-1. Hukumar gasar NPFL ta ci tarar Pillars naira miliyan 9.5, ta zaftare mata maki uku da ƙwallo uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Wannan ba sabon ciwo ba ne: a 2022 ma rikicin 'yan kallo a wasa da Katsina United ya jawo mata asarar maki a kakar da ta faɗi. Hukuncin bai tsaya kan waɗanda suka yi dukan ba. Ya shafi mai sayar da ruwa a bakin fili, da ɗan Adaidaita Sahu, da dubban da suka biya kuɗin shiga suka zauna lafiya a kujerunsu.

A kakar da Musa ya dawo, Remo Stars ce ta ɗauki kofi. Ƙungiya ce ta ɗan kasuwa Kunle Soname, tana ƙaramin garin Ikenne a Jihar Ogun, da filinta na kanta da makarantar renon yara, ba ta kuma da rabin 'yan kallon Pillars. Abin da za a auna Babban Manaja da shi ke nan: tsarin tikiti da zai nuna nawa ake samu a ƙofa da inda kuɗin ke tafiya, jami'an tsaron fili masu horo, gurfanar da masu dukan alƙali da sunayensu, da kasafin da ba zai jira sa hannun Gidan Gwamnati kafin motar 'yan wasa ta tashi ba. Tun daga 2014 kofin gasar bai sake shiga Kano ba.