A Kai Mu Zawaciki Mu Ga Kwantena

Duk lokacin da aka zo maganar ziyarar ƙaro ilimi, sunayen da muke ji su ne gidan zu, Gidan Makama da madatsar ruwa ta Tiga. Ba mu raina su ba. Amma mu 'yan kulob ɗin jarida muna roƙon bana a kai mu tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, a Kumbotso, wadda shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. An gina ta ne domin kwantenar da jirgin ruwa ya sauke a Legas ta zo har Kano a buɗe ta.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Doguwa da teku? To, babur ɗin Bajaj daga Indiya yake. Wayar hannu da fitilar sola da muke karatu da ita, yawanci daga Sin suke. Ba tashi suka yi suka zo ba, a cikin kwantena suka ƙetaro ruwa.

Jiragen kuwa ba ƙanana ba ne. Akwai wani mai suna Ever Given, tsawonsa mita 400, kusan filin ƙwallo huɗu ke nan a jere. Yana iya ɗaukar ƙananan kwantena kusan 20,000. Mun yi lissafi a allo: in tirela ɗaya ta ɗauki biyu, sai an nemo tirela 10,000! A watan Maris 2021 ya maƙale a mashigin Suez na ƙasar Masar, ya tare hanya kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi layi a bayansa.

Mu dai kwantenar da muka sani ita ce wadda aka yanka wa taga ana sayar da katin waya. Alhali riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau a cikinta suke fita, zoɓon har ƙasar Meziko. Iyayenmu manoma ne, kuma muna so mu tambayi ma'aikatan tashar da bakinmu: yaya ake yi abin da aka noma a Doguwa ya shiga ciki, wace takarda ake nema, nawa ake biya?

Mun san kuɗin mota zuwa Kano ba wasa ba ne. In shugaban makaranta ya amince, a shirye muke mu fara adashe daga wannan Litinin.