Anini Mai Huji da Na'urar da Ta Ƙi Yin Shiru

Darasin wannan makon daga gona muka ɗebo shi.

A hutun da ya wuce mun je gida Dingaya, a ƙaramar hukumar Gwaram. A zaure muka ga na'urar gano ƙarfe a ƙasa, ta wani yayanmu da ya taɓa zuwa Jado ta Nijar, inda samari suka yi ta tururuwa neman zinare tun 2014. Zinare dai bai zo da shi ba, sai na'urar da labari. Muka are ta. Manoma kan tsinci kwabo mai huji a bakin kunya lokacin huɗa, mu kuwa waɗanda suka nutse can ƙasa muke so.

Da isarmu gonar gidanmu muka murɗa maɓallin ƙarfin ji har ƙarshe, a tunaninmu haka za ta jiyo abu mai zurfi. Ai kuwa ta dinga kuka ko'ina muka nufa. Muka haƙa rami takwas, ba mu samu komai ba sai marmara da kanta a hannu.

Ga dalili, kuma 'yan ajin Fizis su buɗe kunne. A ƙarshen sandar akwai faifai mai naɗin waya a ciki. Wuta na bi ta wayar, tana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai shiga ƙasa. In ya tarar da ƙarfe sai ya tayar da 'yar wuta a jikinsa, ƙarfen ya mayar da amsa, wata waya a faifan ta kama ta, na'urar ta yi ƙara. Amsar nan tana raunana da sauri. A lissafi, in abu ya yi nisa da faifan, ninka zurfinsa sau biyu na iya rage amsar zuwa kusan kashi ɗaya cikin 64. Shi ya sa ƙaramar na'ura ba ta cika jin kwabo ba in ya wuce santimita 25 zuwa 30. Sannan jar ƙasa da marmara irin tamu cike suke da sinadarin ƙarfe, shi ne ma ya ba su launin. To in ka ƙure ƙarfin ji, ƙasar ce gaba ɗaya take maka ihu, raɗar kwabon ta ɓace a ciki.

Yayan namu ya gama dariyarsa, sannan ya koya mana abin da ake fara yi, wato daidaita na'ura da ƙasar wurin. Ka nemi inda babu ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa kana gyara maɓallin, har sautin ya daina canzawa. Bayan nan ka ƙara ƙarfin ji a hankali, da ta fara surutu ka ɗan ja baya. In ka tashi daga jigawa ka shiga jar ƙasa, sai ka sake daga farko.

Maɓallin da ya fi yaudarar mu shi ne na tantancewa, wanda ke sa na'ura ta yi watsi da ƙusa da gwangwani. Mun ɗaga shi sama don mu huta da shara, ashe da abin da muke nema muke watsi. Anini da kwabo na zamanin Turawa galibi haɗin tagulla da nikel ne, wanda wuta ba ta bin sa sosai, don haka na'ura kan lissafa su kusa da tarkace. Abu mai zurfi kuma amsarsa ba ta fita sarai. Dole muka sauke maɓallin, muka yarda za mu tono murfin kwalba da yawa. Sauran aikin na hannu ne: faifai dab da ƙasa, tafiya a hankali, kunne ga ɗan siririn sauti mai maimaita kansa ta kowane ɓangare. Mun kuma binne kwabo a zurfin santimita 10, 15 da 20 muka saurari muryar kowanne. Wannan gwajin ya fi komai amfanar mu.

A rana ta uku, kusan taki ɗaya a ƙasa, muka fito da anini na 1928. Huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida a baya, rubutun boko da na Larabci a gaba. Kakarmu ta karɓa ta juya shi, ta yi mana lissafi ba gargada: anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Ku buga da kanku, anini 2,400 ke nan a fam guda. A 1907 aka fara buga irin waɗannan kuɗi, na farkon ma na alminiyom ne, kafin a koma haɗin nikel. Lissafin fam da sule bai kau ba sai 1 ga Janairun 1973, ranar da naira da kwabo suka shigo. Kada wani ya ruɗe ku da cewa anini zai sayi babur. An buga su da yawan gaske, kuma wanda ƙasa ta ci kuɗinsa kaɗan ne.

Kakar ce kuma ta ɗaure mu da tambaya: "To wuri fa, 'yan nan, yana ji?" Ba ya ji. Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa, shi kuwa ƙwanson teku ne, babu ƙarfe a jikinsa. Duk yadda ka saita na'urar, kuɗin da kakannin kakanninmu suka fi riƙewa ba za ta yi ƙara a kansu ba. Masana tarihin ƙasa ne ke gano irin wannan, ta hanyar tono a hankali, suna rubuta abin da ke kwance kusa da wane, a wane zurfi. Mai haƙa rami don kwabo ɗaya yakan hargitsa wannan jerin, kuma ba ya gyaruwa.

Don haka muka tsaya a gonar gida, inda garma ke juya ƙasa duk shekara, da izinin mai gona, muna cike kowane rami. Wani abokinmu ya kawo shawarar mu gwada kufai, ko gindin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude masu tsofaffin zanen shanu. Muka ƙi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da takardar izini ba, kuma ta ce wanda ya ci karo da su ya kai rahoto. Maƙabarta kuwa ko maganarta ba a yi.

Aikin gida: ku tambayi kaka ko tana da anini, taro, sisi ko sule a ƙasan adaka. Ku ɗora takarda a kai ku goga fensir, ku karanta shekarar, ku tambaye ta me yake saye a lokacin. Ku aiko mana ta hannun malaminku na tarihi, za mu buga waɗanda suka fi fitowa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.