In Na'ura Ɗaya Ce, Wa Za A Ba?

Yau ga wata tambaya mai nauyi. In annoba ta sauka, majinyata suka fi gadaje yawa, na'urar taimakon numfashi ta rage guda ɗaya, ga mutum biyu kwance, ɗaya daga cikinsu naƙasasshe, da wane ma'auni likita zai zaɓi wanda zai ba?

Kada a ce wannan zancen shaci-faɗi ne. A cikin watan Maris na 2020, da cutar korona ta taso wa Ingila, hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin ƙasar ƙa'idojin aiki, ta ce a riƙa auna raunin majinyaci da wani ma'auni mai hawa 9 kafin a yanke shawarar kai shi ɗakin kulawa ta musamman. To, asali don tsofaffi aka yi ma'aunin, kuma abin da yake dubawa shi ne yawan dogaron mutum ga wasu wajen wanka da sa tufafi da sauransu. Ka ga ke nan saurayi ɗan shekara 25 da aka haifa da shanyewar gaɓoɓi, wanda ƙirjinsa garau yake, sai lissafi ya ajiye shi a sahun tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Da iyaye da ƙungiyoyin naƙasassu suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka gyara, aka ce kada a auna masu daɗaɗɗiyar naƙasa da shi.

Duk da haka ɓarna ta auku. A watan Maris na 2021 hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen jinya ta ƙasar ta ba da rahoton mutum fiye da 500 da aka rubuta a takardunsu cewa kada a farfaɗo da su in zuciyarsu ta tsaya, ba tare da an shawarce su ko danginsu ba. Wannan fa a ƙasar da ba a biyan kuɗin ganin likita.

Mu nan gida muna da doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ɗora wa gwamnati kare su a lokacin gaggawa, ta kuma ce a fara sallamarsu in ana layi. Amma da aka kulle Legas da Abuja ran 30 ga Maris na 2020, yaya makaho zai nisanci ɗan jagoransa? Yaya kurma zai karanci leɓen malamin asibiti ta bayan takunkumi? Mai zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, da wace mota zai isa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta zauna da Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa da ƙungiyoyinsu tun yanzu da hankali ke kwance, su rubuta ƙa'idar rabon gado da iskar numfashi, a liƙa ta a kowane babban asibiti. Abin da za a bar wa likita ya auna ɗaya ne kawai: in an ba wannan majinyaci magani, akwai alamar zai tashi daga wannan ciwon?