ZARIYA 2027: KAFIN KU CE "YA ISA HAKA", WA KUKA TANADA?

Rubutun wannan mako a kan kujerar ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Zariya ne, da masu shirin karɓe ta daga hannun Kakakin Majalisa, Iyan Zazzau, Dakta Tajudeen Abbas.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Samaru ko ɗan Sabon Gari da wannan kujera, tunda mazaɓarmu daban ce. Gaskiya ne, mai katin Samaru, Hanwa, Cikaji ko Muciya ba shi da ƙuri'a a Kwarbai ko Gyallesu. Amma rafin Kubanni kaɗai ya raba mu. Kasuwarmu ɗaya, asibitinmu ɗaya, famfon da ya ƙi kawo ruwa a Tudun Wada shi ne ya ƙi kawowa a Dogarawa. Bayan haka, a 2023 mu ne muka sauke ɗan majalisar da ya daɗe a kujera. Saboda haka muna da abin faɗa.

Magana biyu ke yawo yanzu a majalisun shayi da shafukan Facebook, kuma duk biyun lalaci ne. Ta farko: "Ya isa haka, tun 2011 yake kai, a ba wani." Ta biyu: "Ba a taɓa Kakakin Majalisa, wanda ya ja da shi ya ja da ci gaban Zazzau." Masu ta farko ba su da ɗan takara. Masu ta biyu ba su karanta tarihi ba.

Mu fara da masu cewa ba a taɓa shi. Marigayi Ghali Umar Na'Abba yana Kakakin Majalisa ya faɗi zaɓen Birnin Kano a 2003. Dimeji Bankole yana Kakaki ya faɗi a Abekuta a 2011. A Amurka, Tom Foley ya shekara 30 a majalisar wakilai, yana riƙe da kujerar Kakaki, wani lauya ɗan jam'iyyar Rifablikan mai suna George Nethercutt ya kayar da shi a 1994. Akwatin zaɓe bai san sandar majalisa ba.

Sannan masu tsorata mu da cewa idan ya faɗi Zariya ta rasa kujerar mutum na huɗu a ƙasa, su duba wannan: tun daga 1999, babu Kakakin Majalisar Wakilai ko ɗaya da ya maimaita kujerar a majalisa ta gaba. Na'Abba, Masari, Bankole, Tambuwal, Dogara, Gbajabiamila, kowa zango ɗaya ya yi. Dogara ya koma majalisa a 2019, amma a matsayin mamba kamar kowa. Kujerar Kakaki ba mutanen Zariya ke bayar da ita ba. Rabon muƙamai ne na jam'iyya mai rinjaye, kuma duk sabuwar majalisa sabon lale ake yi. Yana iya zama na farko da zai karya wannan al'ada, amma kada wani ya sayar mana da "wataƙila" a farashin "tabbas".

Yanzu ga masu "ya isa haka". Ku san wanda za ku kara da shi. Ya shiga majalisa a 2011 a inuwar CPC, ya sake cin zaɓe a 2015, 2019 da 2023 a APC. A majalisa ta tara an ƙirga masa ƙudurori 74, adadin da ya fi na kowane mamba. Ranar 13 ga Yuni 2023 mambobi 353 suka zaɓe shi Kakaki, abokan takararsa biyu kowa ya tashi da ƙuri'a uku. Ɗan gidan sarautar Zazzau ne, tsohon malamin makaranta ne, kuma ayyukan da suka shigo Zariya tun hawansa ba su ɓuya ba. Abin da ya fi duk wannan nauyi: a 2023 guguwar PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar Kaduna, Atiku ya cinye jihar a zaɓen shugaban ƙasa, mafi yawan kujerun majalisar wakilai na jihar suka kuɓuce wa APC, amma shi ya tsira. Wanda ambaliya ba ta tafi da shi ba, yayyafi ba zai ɗaga shi ba.

To, ko akwai dalilin ƙalubalantarsa? Akwai, kuma manya. Aikin ɗan majalisa na farko doka ce da sa ido a kan gwamnati, ba rabon babura ba. A ƙarƙashin jagorancinsa majalisa ta sayi motocin alfarma a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin fetur. A watan Mayun 2024 ta amince da sauya taken ƙasa cikin yini guda. A watan Maris 2025 ta amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, alhali tsarin mulki ya buƙaci kashi biyu cikin uku. Shi da kansa ya kawo ƙudurin da ya tanadi ɗauri ga wanda ya ƙi rera taken ƙasa, ya janye shi a Agustan 2024 bayan jama'a sun yi ca. Sunansa na kan ƙudurin tilasta yin zaɓe, shi ma aka janye a Mayun 2025. An ba da kwangilar titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano tun ƙarshen 2017, har yau muna lissafin shekaru. Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata wani ya tsaya gabansa ya yi masa a bainar jama'a. Matsalar ita ce: wane ne wannan wanin?

Ban kama sunan kowa ba, domin hoton fosta ba takara ba ce. Amma duk masu zawarcin irin wannan kujera ba sa wuce kashi biyar. Mu ɗora su a sikeli.

Na ɗaya, ɗan gida da ya yi fushi. Jiya yana cikin ayarin Kakaki, yau yana cewa an yi watsi da mutane. Ƙarfinsa shi ne ya san sirrin gida, ya san shugabannin mazaɓu da sunansu. Rauninsa shi ne fushinsa na rabo ne, ba na aƙida ba. Idan a cikin APC zai nemi tikiti, ya sani jam'iyya mai mulki ba ta cika tuɓe Kakakinta a zaɓen fid da gwani ba. Irin wannan takan ƙare da zaman sulhu a Kaduna ko Abuja, a fito ana murmushi, magoya baya su koma gida da hula da riga. Ku tambaye shi abu ɗaya: wace ƙuri'a ko wane ƙuduri na Kakaki ka taɓa suka lokacin da kake ci tare da shi?

Na biyu, mai kuɗi da ya dawo gida. Ya buɗe gidauniya, yana rabon shinkafa da azumi, yana biya wa yara kuɗin jarrabawa. Allah Ya ba shi lada. Amma ya zaɓi filin da abokin karawarsa ya fi ƙarfi. Ba za ka yi gasar rabo da mutumin da kasafin kuɗin ƙasa ke bi ta teburinsa ba. Idan ka raba buhu dubu, zai raba dubu goma. Kuma wanda ya sayi kujera, jari ya zuba, sai ya fanshe kafin ya tuna da ku.

Na uku, matashin soshiyal midiya. Tun gyaran tsarin mulki na 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa, kuma wannan alheri ne. Shi ne ya fi kowa iya faɗar abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Amma ya zauna ya ƙirga mabiyansa. Nawa ne ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da katinsu ke Gombe ko Ilori? Nawa ne 'yan Samaru da ba su da ƙuri'a a mazaɓar? Zariya ba Kongo da Tudun Wada kaɗai ba ce. Akwai Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena, inda ake cin zaɓe da gaisuwar mutuwa da zuwa ɗaurin aure da sanin mai unguwa. Ga kuma kuɗin fam: a 2022 APC ta sayar da na majalisar wakilai naira miliyan 10, PDP miliyan 2.5. Wanda ya biya maka fam, shi ne zai riƙe maka linzami.

Na huɗu, malamin jami'a ko ƙwararren ma'aikaci. A wajen sanin aiki, shi ne ya fi dacewa. Zai iya karanta kasafin kuɗi, zai iya tsayawa a kwamiti ya tambayi minista dalilin da jami'a da asibitin koyarwa na Shika ke nishi da kuɗin lantarki. Zariya ta fi kowane gari a Arewa tara irin waɗannan mutane, abin kunya ne a ce ba sa fitowa. Amma galibinsu sai saura wata uku suke tunawa da jam'iyya, kuma suna jin ƙyamar zama a benci da shugaban mazaɓa wanda bai gama sakandare ba. Shi kuwa wannan shugaban mazaɓar shi ke da wakilin da zai tsaya a rumfar zaɓe har a rubuta sakamako a sa hannu. Ilimi ba ya gadin akwati.

Na biyar, tsohon jigon adawa, wanda ya taɓa tsayawa ko ya daɗe yana riƙe da jam'iyya. Shi kaɗai ne a cikinsu ke da mutane a kowace rumfa, kuma ya san inda ƙuri'a ke ɓacewa. A sikelin cin zaɓe shi ya fi nauyi. Amma gidansa a tsage yake. Ga PDP, ga ADC ta 'yan haɗaka, ga NNPP, ga SDP, ga PRP. Zaɓen ɗan majalisa kuwa ba ya buƙatar rabin ƙuri'u, wanda ya fi yawa ko da ƙuri'a ɗaya ce ya ci. Idan mutum shida cikin goma ba sa son mai ci, suka rabu gida uku, mai mutum huɗu ya koma Abuja. Duk ɗan takarar adawa na uku da na huɗu, ko ya sani ko bai sani ba, Kakaki yake yi wa aiki.

Abin da ya faru a namu ɓangaren ya isa darasi. Garba Datti Muhammad ya haura shekara goma yana wakiltar Sabon Gari. Sadiq Ango Abdullahi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP a Mayun 2022 yana hannun waɗanda suka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ya fito, ya ci zaɓe a 2023. Abu uku suka haɗu: tausayin jama'a, guguwar da ta kaɗa a jihar baki ɗaya, da taruwar masu son canji a bayan mutum ɗaya. Na farko ƙaddara ce, na biyu ba a yin odarsa. Na ukun ne kaɗai ke hannun mutane, kuma shi ne 'yan adawar Zariya suka fi sakaci da shi. Shi kuwa Datti, ba a yi shekara ba ya zama mataimakin shugaban APC na ƙasa mai kula da Arewa maso Yamma. Faɗuwa zaɓe ba ta kashe ɗan siyasa, don haka kada tausayin kowa ya hana ku auna shi.

Kada kuma a ɗauka sabuwar fuska ita ce magani. Shi wancan Nethercutt da ya kayar da Foley, da alkawarin zango uku kacal ya yi kamfe, yana sukar masu daɗewa a kujera. Da ya ɗanɗana, zango biyar ya yi. A nan gida, tun bayan 2023 mun ga yadda 'yan majalisar da aka zaɓa a inuwar adawa ke tururuwa zuwa jam'iyya mai mulki, duk da sashe na 68 na tsarin mulki ya ce mai sauya sheƙa ya bar kujera sai in jam'iyyarsa ta dare. Me aka yi ke nan idan kun wahala kun kayar da ɗan APC mai sanda, kuka samu sabon ɗan APC marar sanda?

Ga matsayina. Kujerar Zariya ta cancanci takara ta gaske, domin wakilin da ba ya tsoron faɗuwa ba ya jin kiran kowa. Amma a cikin biyar ɗin nan babu wanda zai iya shi kaɗai. Sai an haɗa kan na huɗu da ƙafafun na biyar da muryar na uku, a jikin mutum ɗaya, a jam'iyya ɗaya, tun kafin a rufe karɓar sunaye. Kuma duk wanda ya fito, a tsayar da shi a fili ya amsa huɗu: Wace ƙuri'a ta wannan majalisa za ka kaɗa saɓanin yadda aka kaɗa? Wa ya biya maka fam? Za ka janye wa wanda ya fi ka ƙarfi a adawa? Za ka sa hannu cewa idan ka sauya jam'iyya ka ajiye kujera? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ya bar mutane su huta, ba takara yake yi ba, farashinsa yake nema.

Shi ma Mai girma Kakaki, idan zai sake nema, ya zo ya zauna a muhawara ya kare tarihin majalisarsa, ba jerin gine-gine kaɗai ba. Idan ya fi kowa amsa, a sake zaɓensa da hujja. Idan wani ya fi shi, a sallame shi da mutunci.

'Yan uwanmu na cikin Birni da Tudun Wada, ku ke da ƙuri'ar. Ku kawo sunan wanda kuke ganin ya cika sikeli, tare da dalili, ban da zagi da cin mutuncin iyayen kowa. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.