Ɗalibi Mai Bincike: Wace Manhaja Za Ka Ba Amanar Karatunka?

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jinkirta kundin digiri na biyu da na uku a jami'o'inmu shi ne rikicewar manazarta. Ɗalibi ya karanta littafi, ya ɗauko magana, bayan shekara biyu ya manta shafin da ya samo ta. Ranar kare kundi kuwa, wannan sakaci kan koma zargin satar fasaha.

Manhajojin adana manazarta suna maganin haka, sai dai zaɓensu yana bukatar natsuwa. A ganina, ɗalibin da ke zaune a Hotoro yana karatu a Jami'ar Bayero ya kamata ya auna abu uku.

Na farko, wuta da intanet. Ƙarancin lantarkin da ya durƙusar da masana'antu da dama a Sharada da Challawa da Bompai bai bar ɗakin ɗalibi ba. Don haka manhajar da ke ajiye komai cikin kwamfutarka ta fi wadda ba ta motsi sai da intanet.

Na biyu, kuɗi da 'yanci. EndNote da dala ake saye. Mendeley kuwa kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013, kuma a 2022 ya sanar da janye tsohon samfurinta na kwamfuta. Zotero, wadda ta fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana kuma barin mutum ya kwashe bayanansa duk lokacin da ya so. Ita nake ba ɗalibaina shawara su riƙa.

Na uku, harshenmu. Kafin ka amince da kowace manhaja, rubuta sunan Ɗangambo, ka ga ko ƙugiyar za ta isa shafin manazarta lafiya. Ka kuma sani, ƙamusun Bargery na 1934 da tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo ba su da lambar da na'ura za ta gane su da ita, dole ka shigar da su da hannu.

Ina kira ga makarantun karatun gaba da digiri da su koyar da wannan tun zangon farko. Shi kuma ɗalibi ya tuna, manhaja tana ajiya ne kawai, karatu da tunani nasa ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu dace.