Kunnen Jama'a a Kan Oba-obar 'Yan Sandan Amurka

Duk mai wayar hannu da ɗan guntun data, ko a Fagge yake ko a Damagaram, zai iya shiga Broadcastify ya zaɓi wani gari a Amurka, ya kasa kunne ya ji abin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti ke faɗa wa juna ta oba-oba. Wannan ba kutse ba ne. Wani ɗan sa-kai ne a can garin ya sayi na'urar kamo tashoshi da suke kira sikana, ya kafa eriya a rufin gidansa, ya jona na'urar da kwamfuta, sautin ya hau intanet. Irin waɗannan tashoshi sun kai dubbai a Broadcastify, wanda Lindsay Blanton ya ɓalle da shi daga tsohon dandalinsa na RadioReference a 2012.

Wanda ya shiga da tunanin zai ji irin abin da yake gani a fim zai sha mamaki. Yawancin zancen ba shi da armashi: mota ta mace a tsakiyar titi, ƙararrawar wani shago tana ta kururuwa ba dalili, maƙwabta sun kai ƙarar hayaniya, wata tsohuwa ta zame a banɗaki. Sai a yi shiru na mintuna, sai ƙara ta ɗan taso, sai muryar mai karɓar kira ta jero adireshi da lambobi. Idan aka ce 10-4, an ji an gane ke nan. Idan aka ce 10-13 a birnin New York, ɗan sanda ne ke neman a kawo masa ɗauki, kuma nan take muryoyi kan sauya. Lambobin ma kowane gari da irin nasa, shi ya sa baƙon kunne kan yi kwanaki kafin ya fara tsintar ma'ana.

Al'adar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1928 'yan sandan Detroit suka fara aika saƙo daga hedikwata zuwa motocin sintiri ta rediyo, a 1933 kuma garin Bayonne na jihar New Jersey ya fara amfani da wadda ake magana a mayar da amsa. A wancan zamani akwatin rediyon gida ma kan kamo kiran 'yan sanda idan aka murɗa shi zuwa ƙurya. A 1938 wani mai ɗaukar hoto a New York, Arthur Fellig, wanda duniya ta fi sani da Weegee, ya samu izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa. Da shi yake isa wurin kisa ko gobara tare da jami'ai, wani lokaci ma ya riga su, ya sayar wa jaridu hotuna kafin gari ya waye. Daga ƙarshen shekarun 1960 sikana ƙirar Bearcat ta shiga kasuwa, ta zauna a kan teburin kowane ɗakin labarai da ɗakunan girkin dattawa masu son sanin inda jiniya ta nufa. Dokar tarayya ta 1986 kan sirrin sadarwa ta bar ƙofar a buɗe: sauraren tashar 'yan sanda da ba a kulle ba halas ne, kodayake wasu jihohi kamar New York da Florida da Indiana sun taƙaita yawo da na'urar a mota. A Ingila kuwa labarin daban ne. Doka ta hana saurare, kuma tun farkon shekarun 2000 'yan sandansu suka koma kan tsarin Airwave da ba ya kamuwa.

Yanzu Amurka ma ta kama wannan hanya. Sababbin oba-oba na zamani suna da makulli na lambobin sirri, duk na'urar da ba ta da mabuɗi sai dai ta ji shiru ko gurnani. Birnin Washington ya kulle nasa a 2011, Las Vegas a 2018, Denver a 2019. A watan Oktoban 2020 ma'aikatar shari'a ta jihar California ta umarci rundunoni su kare bayanan mutane da ake karantawa ta rediyo, sai garuruwa da dama suka ɗauki hanya mafi sauƙi, suka kulle komai. Chicago ta fara a 2022. Rundunar New York, mafi girma a ƙasar, ta fara da wasu caji ofis na Brooklyn a watan Yulin 2023, cikin wani aikin sabunta rediyo na ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Hujjojin 'yan sanda ba na banza ba ne, kuma mai son a bar tashoshin a buɗe ba zai yi wa kansa adalci ba idan ya yi watsi da su. Abin da ya faru a Boston ya isa misali. Ranar 15 ga Afrilun 2013 bama-bamai biyu suka tashi a wurin gasar gudun yada-ƙanin-wani, mutum uku suka mutu, sama da 260 suka jikkata. Daren 18 ga wata, wayewar 19, aka yi musayar wuta a garin Watertown da ke kusa da Boston, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da ake zargi da harin, Tamerlan Tsarnaev, ya mutu, ƙaninsa Dzhokhar ya tsere. Dubun-dubatar mutane suka kwana da kunne a kan tashoshin Boston, suna rubuta duk abin da suka ji a Twitter, har da titin da jami'ai ke bi gida-gida. Da safe sai da rundunar 'yan sandan Boston ta fito ta roƙi a daina bayyana inda jami'anta suke, Broadcastify kuma ya sauke tashoshin yankin na ɗan lokaci. Ba wanda zai ce roƙon bai dace ba.

Akwai kuma maganar mutuncin talaka, wadda ta fi ta tsaron jami'ai ƙarfi. Matar da mijinta ya lakaɗa wa duka ta kira lambar gaggawa ta 911, ba ta kira don duniya ta ji sunanta da lambar gidanta ba. Haka wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe. A da, mai jin wannan sai wanda ya mallaki sikana a cikin garin. Yau kowa ne, a ko'ina, kuma ana adana sautin a dawo a sake ji. Sannan tashar da ke buɗe tana iya shiguwa: a ƙarshen watan Mayun 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, wasu sun riƙa cusa waƙoƙi da ashar a tashoshin 'yan sandan Chicago, suna danne muryar masu neman ɗauki.

Masu sauraren su ma suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba. Abin da ke fita ta oba-oba ba labari ba ne, ɗanyen zance ne: wani ya kira a firgice ya faɗi abin da yake zaton ya gani, mai karɓar kira ta maimaita, jami'i ya tafi dubawa. Sau da yawa idan ya isa sai ya tarar ba haka ba ne, amma wanda ya riga ya watsa maganar ya yi gaba. A daren Watertown wasu suka yi ta yaɗa cewa sun ji an ambaci sunan wani ɗalibin jami'ar Brown, wanda ya ɓace tun watan Maris, a matsayin wanda ake nema. 'Yan jaridar da suka koma suka bi sautin daga baya ba su ji sunan ba. Kafin gaskiya ta fito an hana danginsa barci da kiran waya da zagi, kuma ranar 23 ga Afrilu aka tsinci gawarsa a ruwa a birnin Providence. Ba abin da ya haɗa shi da harin. A Las Vegas ranar 1 ga Oktoban 2017, mutum ɗaya ne ya yi ta harbi daga hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay, amma a daren an yi ta jin rahotannin harbi a wasu otal-otal ta rediyo. Duk an bincika ba a samu komai ba. Har yau akwai masu kafa hujja da wannan sauti cewa an ɓoye wasu maharan.

Mafi muni shi ne lokacin da kasuwanci ya shigo. Manhajar Citizen, wadda ta fara fitowa a 2016 da sunan Vigilante har Apple ya cire ta daga kasuwarsa, tana da ma'aikata masu sauraren tashoshin 'yan sanda suna tura wa mutane gargaɗi a waya. A watan Mayun 2021, da gobarar daji ta tashi a Pacific Palisades na Los Angeles, kamfanin ya watsa hoton wani mutum da ya zarga da cinna wutar, tare da alkawarin dala 30,000 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Ba shi ba ne. Wani daban aka kama, kamfanin ya ba da haƙuri. Duk wanda ya san yadda ihun “ɓarawo” ke ƙarewa a kasuwa ya san Allah ne kawai ya tsare wannan bawan nasa.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sassan da ke aikin sirri, irin masu farautar dillalan ƙwaya da masu kai samame, sun daɗe da tashoshinsu na kulle, kuma ba mai jayayya da hakan. Abin da ake rufewa yanzu shi ne tashar yau da kullum, wadda ta ita ce jama'a ke sanin an aika jami'i ina, ƙarfe nawa, kuma me ya faɗa kafin lauyoyin runduna su gyara masa zance. Ranar 17 ga Yulin 2014, mai ɗaukar hoto na jaridar New York Daily News ya ji wani motsi ta rediyon 'yan sanda, ya garzaya Staten Island, a can ya samu mutumin da ya ɗauki bidiyon yadda jami'i ya shaƙe Eric Garner har ya mutu. Da tashar a kulle take, da abin da zai fara isa ɗakin labarai sanarwar runduna ce, in ma ta fito.

Kuma an ga irin sanarwar da kan fito. Ta farko da 'yan sandan Minneapolis suka bayar kan George Floyd a watan Mayun 2020 ta nuna mutum ne ya mutu bayan wata matsalar lafiya ta same shi a hannun jami'ai. Ba a ambaci gwiwar da aka danne masa wuya da ita ba. Bidiyon wata yarinya mai shekara 17 ne ya tona. A Chicago, an harbi Laquan McDonald sau 16 a watan Oktoban 2014, hukumomin birnin suka riƙe bidiyon sama da shekara guda, sai da alƙali ya tilasta a watan Nuwamban 2015. Hukumar da ke da wannan tarihi ita ce yau ke cewa a amince mata ta zaɓi abin da za a ji. Ranar 1 ga Yunin 2020 ma, masu saurare sun naɗi wasu muryoyi a tashar 'yan sandan New York suna cewa a harbe masu zanga-zanga, a bi ta kansu da mota. Ko jami'ai ne, ko masu kutse ne, jama'a sun ji, an kuma yi tambaya. Ba abin mamaki ba ne idan mutane suka lura cewa guguwar kullewa ta ƙara ƙarfi ne bayan shekarar da manhajojin sauraren 'yan sanda suka hau sahun gaba a kasuwar waya.

Wasu birane sun nemi tsaka-tsaki. Chicago tana sakin sautin a Broadcastify bayan minti 30, Baltimore bayan minti 15. Jinkirin yana kashe hujjar cewa ɗan fashi zai ji tahowar mota ya gudu, kuma ya fi rufewa ɗungurungum. Sai dai gidajen jaridun Chicago sun yi ƙorafi kan abu biyu, kuma suna da gaskiya a duka. Minti 30 ya yi tsawo idan ana harbi a titi ana son gaya wa iyaye kada su bi ta wurin. Na biyu, birnin ya riƙe wa kansa ikon yanke wani ɓangare kafin ya saki, ba kuma wani na waje da ke duba abin da aka yanke. Jinkirin da na'ura ke yi ita kaɗai, na 'yan mintuna, ba hannun kowa a ciki, abu ne da za a iya zama da shi. Wanda jami'i ke zaune da almakashi a kansa wani abu ne daban.

Ɗaya hanyar ita ce a ba 'yan jarida mabuɗi a hana sauran jama'a. A kunne tana da daɗi, a aikace tana da ƙaya. Denver ta gwada, ta gindaya sharuɗɗan da gidajen jarida suka ƙi sa wa hannu, har majalisar jihar Colorado ta yi doka a 2021 cewa duk rundunar da ta kulle tasharta dole ta fito da tsarin ba 'yan jarida dama. Amma wa zai ce wane ne ɗan jarida? Idan runduna ce ke raba mabuɗin, wanda ya rubuta abin da ya ɓata mata rai ya san abin da ke jiransa a zagaye na gaba. Kuma a ƙananan garuruwan Amurka da jaridunsu suka mutu, mai saurare ɗaya tilo wani lokaci tsohon ɗan kwana-kwana ne da ya yi ritaya, ba shi da katin kowace jarida.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a raba zancen gida biyu: umarnin zuwa wuri da rahoton abin da aka tarar su zauna a tashar da kowa ke ji, sunaye da lambobin lasisi da tarihin laifi su bi ta kwamfutar cikin mota, ko wayar salula, ko wata tasha ta kulle. Wannan ba mafarki ba ne. 'Yan sandan manyan hanyoyi na California, da suka karɓi umarni iri ɗaya da kowa a 2020, ba su kulle tashoshinsu ba, sai suka sauya yadda jami'ai ke karanto bayanan mutane. Garin Palo Alto ya kulle nasa a watan Janairun 2021, jaridun yankin da mazauna suka yi ta matsa lamba, a 2022 sabon shugaban 'yan sandan garin ya sake buɗe tashar, ya ba jami'ansa wasu hanyoyin isar da bayanan sirri ba tare da sun bi ta iska ba.